Sabuwar Mota A Gombe: Wa Ke Cin Kuɗin Garanti?

Duk wanda ya sayi sabuwar mota daga hannun dillalin da kamfani ya amince da shi, abu biyu ya biya wa kuɗi, ko ya sani ko bai sani ba. Na farko ita motar kanta. Na biyu kuwa wani alkawari ne a rubuce da ake kira garanti, wato cewa idan wani aibu da ya samo asali daga masana'anta ya bayyana cikin wani ƙayyadadden lokaci, kamfanin zai gyara ko ya sauya abin da ya lalace ba tare da mai motar ya biya ko kwabo ba. Galibi wa'adin yakan kasance shekara uku ko tafiyar kilomita 100,000, duk wanda ya riga cika, ko da yake wasu kamfanonin sukan kai shekara biyar. Wannan alkawari ba kyauta ba ne, domin an riga an cusa kuɗinsa cikin farashin motar. Abin takaici shi ne, a birnin Gombe da makamantansa, masu saye da yawa sukan yi asarar wannan haƙƙi tun motar ba ta cika wata shida ba, kuɗin kuma ya zauna a aljihun mai sayarwa.

Gaskiya ne cewa mafi yawan motocin da ke zirga-zirga tsakanin Jekadafari da Pantami da Tudun Wada na hannu ne, waɗanda aka fi sani da tokumbo ko 'yan Kwatano, kuma su babu wani garanti a kansu sai tawakkali. To amma sababbin ma ba su yi kaɗan ba. Tun daga lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Gombe ranar 1 ga Oktoba 1996, ma'aikatun gwamnati da bankuna da ƙungiyoyin agaji da masu harkar sufuri suke sayen motoci sababbi fil, balle a yi maganar babura da Keke Napep, waɗanda talaka yakan saya sababbi, sau da yawa ma bisa bashi. Tun da aka saki darajar Naira a watan Yunin 2023, Dalar Amurka ta tashi daga wajen Naira 460 ta haura 1,500 a cikin 2024, farashin kayan gyara kuma ya bi ta. A irin wannan hali, giyabos ɗaya ko ƙwaƙwalwar mota ɗaya da kamfani ya ƙi biya tana iya cinye ribar shekara guda ta ƙaramin ɗan kasuwa.

Wani ɓangare na matsalar gado ne. Direbobi da makanikai na arewacin ƙasar nan sun buɗe ido ne da Peugeot 504, wadda kamfanin PAN ya riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan da ya fara aiki a 1975. Mota ce mai sauƙin hali: kafireto, da fulogi, da kontak, da wayoyi 'yan kaɗan. Mai ita yakan yi mata juye a ƙofar gida ranar Asabar, ya wanke fulogi da fetur, in abu ya gagara ya kira bakaniken unguwa, wanda da kunne kawai yake gane ciwonta. Motar yau ba haka take ba. Kwamfuta ce ke auna man da injin zai sha da iskar da zai shaƙa, tana kuma ajiye bayanin matsalolin da suka auku, ta yadda da zarar an jona mata na'urar bincike a garejin dillali, sai ta tona asirin yawancin abin da aka yi mata. Dabarun da suka yi wa 504 amfani su ne suke kashe wa motar zamani garanti.

A nan ya kamata a bambance abu biyu da jama'a suke cakuɗawa, wato kula da mota da kuma sauya mata halitta. Kula ita ce juyen baƙin mai, da sauya matatar mai da ta iska, da duba birki da ruwan lagireto da batir. Babu wani sirri a cikin waɗannan, kuma mai hankali zai iya yin wasunsu da hannunsa. Inda gizo yake saƙa shi ne nau'in abin da aka zuba da kuma shaidar cewa an yi aikin. Injinan zamani da yawa an ƙera su ne don siririn mai irin 0W-20 ko 5W-30, amma sai a ji bakanike yana cewa zafin Gombe ya fi ƙarfin wannan, a zuba mai kauri 20W-50. Mai kaurin ba ya saurin ratsa ƙananan hanyoyin da aka tanadar masa, musamman da safe lokacin da aka tayar da injin, don haka ƙarfe ya riƙa cin ƙarfe a hankali. Idan injin ya buga aka kai ƙara, tambayar farko da dillali zai yi ita ce ina littafin sabis, ina rasit. Wanda ya sayi mai a bakin titi cikin galan marar suna, ba shi da amsa. Haka kuma littattafan motoci da yawa sukan rage tazarar juye zuwa kilomita 5,000 a wuraren da ke da ƙura da zafi, kuma duk wanda ya san hunturun Gombe da zafin watan Maris da Afrilu ya san garin yana cikin wannan sahu.

Sauya halitta kuwa ita ce babbar ɓarna, kuma abin mamaki da sunan gata ake yin ta. Mafi shahara ita ce cire tamostat, wato ɗan abin nan da ke tsare ruwan lagireto har sai injin ya ɗumama. Makanikai da yawa sun yi imani cewa don ƙasashen sanyi aka yi shi, saboda haka sai su cire shi, su kuma haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa ba tsayawa. Alhali kuwa an ƙera injin ne don ya yi aiki a zafin da ya kai wajen digiri 90. Idan ya kasa kaiwa nan, sai kwamfuta ta ɗauka har yanzu bai ɗumama ba, ta ci gaba da ƙara masa fetur. Sakamakon shi ne shan mai fiye da kima, da taruwar baƙin hayaƙi, da saurin tsufan injin. Mai motar ya biya kuɗin aiki don a ƙara masa kuɗin mai, sa'an nan a soke masa garantin injin a kan haka.

Akwai kuma cire matatar hayaƙi da ke cikin salansa, wadda 'yan gareji suke kira indomi. Wani lokaci da yardar mai mota ake cirewa, wai don motar ta ƙara gudu. Wani lokaci kuma ba da saninsa ba, domin akwai ma'adinai masu tsada a cikinta, kuma akwai masu saye. Sai kuma aikin masu wayarin, waɗanda ke yanka wayoyin mota don jona na'urar bin sawu ko manyan lasifika ko ƙarin fitilu, su naɗe da salatif su rufe. Masu ɗaukar kaya zuwa Dukku ko Biu ko Kaltungo su kuma sukan ƙara wa a-kori-kura ganyen sifirin, su sa manyan tayoyi don ta ɗauki abin da ya ninka ƙarfinta. Duk wanda ya yi haka, bai kamata ya yi mamaki ba idan kamfani ya ƙi karɓar laifin karyewar aksil.

Tun bayan da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, wata sabuwar sauyawa ta shigo, wato mayar da mota mai amfani da iskar gas ta CNG, wadda gwamnatin tarayya da kanta take ƙarfafa wa jama'a gwiwa a kai. Ta fuskar tattalin kuɗin mai, hujjar a fili take. Amma aikin ya ƙunshi huda hanyar shigar iska ta injin, da jona wata ƙaramar kwamfuta, da ɗaure tukunya mai matsin da ya kai ba 200 a bayan mota. Fashewar da ta auku a wani gidan sayar da gas a birnin Benin a watan Oktoban 2024, wadda aka danganta da tukunyar da aka ƙera ba bisa ƙa'ida ba, ta nuna cewa ba aikin kowane mai walda ba ne. Mai sabuwar mota da ke sha'awar wannan canji, wajibi ne ya nemi amincewar dillalinsa a rubuce kafin a kwance ko noti ɗaya. In ba haka ba, abin da ya tara na rarar mai cikin shekara biyu yana iya tafiya a gyara guda.

Har zuwa nan za a ga kamar laifin duk na masu motoci ne da makanikansu. Ba haka ba ne. Dillalai ma suna da wata ɗabi'a da ta dace a yi tir da ita, wato ɗaukar kowane ƙaramin dalili a matsayin hujjar soke garanti gaba ɗaya. Mutum ya yi juye a wajen da ba nasu ba, bayan wata uku na'urar sanyaya mota ta mutu, sai a ce masa ai ya riga ya karya sharaɗi. Ina haɗin baƙin mai da na'urar sanyi? Adalci shi ne, abin da aka taɓa da abin da taɓawar ta shafa su ne kaɗai za su fita daga alkawari.

Wasu ƙasashe sun daɗe da warware wannan. A Amurka, dokar Magnuson-Moss ta 1975 ta hana kamfani ya gindaya sharaɗin cewa sai an yi amfani da kayansa ko garejinsa kafin garanti ya ci gaba, sai fa idan kyauta yake bayarwa. Kuma kafin ya ƙi gyara, sai ya nuna cewa aikin da aka yi a waje ne ya jawo lalacewar. Tarayyar Turai ta bi irin wannan hanya da ƙa'idojinta na 2002 da na 2010, inda mai mota yake da 'yancin kai ta gareji mai zaman kansa muddin an bi tsarin da masana'anta ta shimfiɗa. A Nijeriya kuwa, akwai dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda aka sanya wa hannu a farkon 2019, ta kafa hukumar FCCPC a madadin tsohuwar majalisar kare masu saye da dokar soja ta 1992 ta samar. Dokar ta tabbatar wa mai saye haƙƙin samun kaya masu inganci, ta ba shi damar mayar da kayan da suka gaza cikin wata uku, ta kuma haramta sharuɗɗan ciniki na zalunci. Sai dai magana ce ta gaba ɗaya. Abin da mai mota yake bukata shi ne ƙa'ida bayyananniya da za ta faɗi wanda nauyin kawo hujja yake kansa idan an yi jayayya, kuma hukumar ce ta fi cancanta ta fitar da ita.

Dillalai za su ce, kuma da gaskiyarsu, kasuwar ƙasar nan cike take da jabun mai da jabun kayan gyara, don haka ba za su ɗauki alhakin aikin da ba su gani ba. Za su iya tuna wa jama'a gurɓataccen fetur mai yawan sinadarin metanol da aka shigo da shi daga Beljiyam a farkon 2022, wanda ya lalata injina a Legas da Abuja, ba kuwa laifin wata masana'antar mota ba ne. An ji wannan. Amma wanda ya ce sai a garejinsa za a yi sabis, wajibi ne ya kawo garejin kusa. Manyan wuraren sabis na dillalai sun fi taruwa ne a Legas da Abuja da Fatakwal da Kano da Kaduna. Daga Gombe zuwa Abuja ta Bauchi da Jos ya haura kilomita 500, zuwa da dawowa ya haura 1,000. Ke nan motar da ake yi wa juye duk bayan kilomita 5,000 za ta ƙarar da kashi ɗaya cikin biyar na tafiyarta a hanyar zuwa juyen kansa, ban da kuɗin mai, da kwanan direba, da kwana biyu na rashin aiki, da haɗarin hanya. Babu ɗan kasuwar da zai yi wannan lissafi ya ga riba. Mutumin Gombe ya biya farashi ɗaya da mutumin Ikeja, amma alkawarin da aka sayar masa ba ya cikuwa sai da ƙarin haraji.

Ba a ce kowane kamfani ya gina katafaren gareji a Gombe ba. Abin da ake bukata shi ne a zaɓi wasu garejin da ke akwai, a horar da ma'aikatansu, a ba su na'urar bincike da kayan gyara na asali, a kuma amince da hatiminsu a littafin sabis. Garin yana da Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha, makanikai kuma suna da ƙungiyarsu ta NATA, don haka ba a rasa inda za a fara ba. Jihar Gombe ta yi iyaka da dukkan sauran jihohi biyar na arewa maso gabas, wato Bauchi, Yobe, Borno, Adamawa da Taraba, saboda haka cibiya ɗaya a nan za ta yi wa shiyya guda hidima.

Kafin a kai ga haka, mai sabuwar mota ba shi da kariyar da ta wuce takarda: ya karanta littafin garanti tun kafin ya biya kuɗi, ya tambayi inda za a riƙa yi masa sabis, ya adana rasit mai ɗauke da kwanan wata da lambar kilomita da sunan man da aka zuba, ya kuma tsaya a kan motarsa duk lokacin da aka buɗe bonet. Babban makami kuwa yana hannun gwamnatin jiha da ƙananan hukumominta 11, waɗanda suke cikin manyan masu sayen sababbin motoci a jihar. Idan aka rubuta cikin takardar kwangila cewa ba za a biya kuɗin ayarin motoci ba sai dillali ya nuna wurin sabis da ya amince da shi a cikin garin Gombe, to da wuya a kai ƙarshen shekarar kasafi ba a ga allonsa a kan hanyar Bauchi ba.