Dunƙulen miya ko daddawa?

Ƴan makaranta, ku ne iyaye ke aika kasuwa sayen cefane. Saboda haka ya kamata ku san abin da kuke sayowa. A kasuwar Matameye kowane mai tebur yana da dunƙulen miya, ja da rawaya, jere cikin kwali. Masu daddawa kuwa suna gefe da faifansu, mutane na wuce su. A ganina an yi wa daddawa rashin adalci, kuma cikinmu ne ke asara.

Mu fara da dunƙule. Kamfanin wani mutumen ƙasar Suwis mai suna Julius Maggi ya fito da nasa a shekarar 1908. A wannan shekara kuma wani masani na Japan, Kikunae Ikeda, ya gano sinadarin da ke sa romo daɗi, ana ce da shi gulutamat. Da shi da gishiri da mai da kayan ƙamshi ake haɗa dunƙule. Masana sun ce gulutamat ba guba ba ne in an ci daidai. Damuwar tana wajen gishiri, don wajen rabin dunƙule gishiri ne.

To, mu yi lissafi. Ƙaramin dunƙule ɗaya giram 4 ne, gishirinsa wajen giram 2. Uwar gida ta saka 5 a tukunya, ga giram 10 ke nan. Ta ƙara gishiri da hannu, da rana haka, da dare haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato ƙaramin cokali ɗaya. Na yaro bai kai haka ba. Yawan gishiri na kawo hawan jini, hawan jini kuwa na kawo ciwon zuciya da shanyewar jiki.

Daddawa fa? Da kalwa ake yin ta, wato ƴaƴan ɗorawa, wasu kuma da ƴaƴan yakuwa. Ana dafa kalwa ta daɗe a wuta, a cire ɓawo, a rufe ta kamar kwana 3 har ta ruɓa, a daka, a shanya. Wannan ruɓawa ita ke fitar da gulutamat ɗin nan da kanta, ba sai an zuba ba. Bayan daɗi, wajen kashi ɗaya cikin 3 na daddawa abinci ne mai gina jiki, irin wanda ke cikin wake da nama. Gidan da nama ke wuya, daddawa na rage masa asara. Kuɗinta kuma yana shiga hannun matan ƙauyukanmu.

Wani zai ce: ai dunƙule ya fi sauri, ba ya wari, kuma wasu kamfanoni suna saka masa aidin da sinadarin ƙarin jini. Gaskiya ne. Ban ce a kore shi daga madafa ba. Na ce a rage. In an saka dunƙule, a janye hannu daga gishiri. In ana saka 5, a koma 2, a cika da daddawa da albasa da tafarnuwa da citta. Harshe yana sabawa a hankali.

Batun aidin kuwa, rashinsa ke kawo maƙoƙo, yana kuma rage kaifin hankalin yaro. Maganin shi ne gishirin leda mai aidin. Ku adana shi cikin abu mai murfi, nesa da rana da danshi, don aidin na gudu.

Ga aikinku. Kun iya karatu da Hausa da Faransanci, iyaye da yawa ba su samu wannan ba. Kafin ku biya, ku juya kwali. Ku nemi kalmar «ingrédients». Abin da aka fara rubutawa shi ya fi yawa a ciki. In kun ga «sel» ko «sucre» a farko, kun san gishiri ko sukari kuka saya. A kan ledar gishiri ku nemi «iodé». Ku duba kwanan watan lalacewa, in ya wuce ku mai da wa mai kaya cikin ladabi.

Allah ya ba ƙasar Matameye lambunan korama, ga tumatir da albasa da zogale, ga wake da gujiya a gonaki. Dala goman da za ta tafi ga ƙarin dunƙule, a sayo ganye ko ƙuli-ƙuli da ita. Ku karanta wa inna abin da ke jikin kwali yau da dare, ku yi lissafin gishirin tukunyarku tare. Rigakafi ya fi magani.