Gashin Kaza Ba Shara Ba Ne

Duk wanda ya taɓa ratsa layin masu figar kaji a kasuwa da yamma ya san irin tsibin gashin da ake jibgewa a bakin kwata, ga wari, ga ƙuda. Kai da ƙafa da ƙundu suna da masu saye. Gashi kuwa sai juji ko wuta, alhali kusan kashi 90 cikin 100 na busasshensa furotin ne, watau abin gina jiki, wanda manomin kaji ke kashe maƙudan kuɗi yana nema a waken suya da garin kifi.

Matsalar ita ce furotin ɗin, mai suna keratin, tauri gare shi, cikin dabba ba ya iya narkar da shi. Tsohuwar dabarar masana'antu ita ce a turara gashin da matsanancin zafi a niƙa, amma zafin yakan lalata wani sashe na amfaninsa. A shekarar 1990 Jason Shih da abokan aikinsa na Jami'ar Jihar North Carolina a Amurka suka ba da rahoton gano wata bakteriya, Bacillus licheniformis, wadda ke fitar da sinadarin narkarwa mai warware gashi cikin 'yan kwanaki. Abin da ya narke ana iya sa shi cikin abincin kaji da kifi, ko a yi taki da shi.

Abin lura a nan shi ne, wannan bakteriya 'yar'uwa ce ga Bacillus subtilis, wadda ke mayar da kalwa daddawa. Ashe tsohuwar da ke dafa kalwa, ta rufe ta da ganye, ta jira kwana uku, ta riga ta san ginshiƙin aikin, ko da yake ba ta san sunansa na boko ba. Sabili da haka kuskure ne a ce sana'ar sai Turai.

Sai dai fa akwai hatsari. Tun da murar tsuntsaye ta ɓulla a Jihar Kaduna a 2006, ba mai hankalin da zai ciyar da kaji ɗanyen ragowar 'yan'uwansu. Tilas a dafa gashin tukuna, a kuma auna abin da ya fito. Wannan awo ya fi ƙarfin mai figa, aikin sassan kimiyya da na aikin gona na jami'o'i ne, su da ke da ɗakunan gwaji.