Tura Agogo Gaba Ba Ya Ƙara Wa Yini Tsawo

Jama'a, akwai wata al'ada a ƙasashen Turai wadda ta isa a tsaya a auna ta. A Ingila, ran Lahadin ƙarshe ta watan Maris akan tura agogo gaba da sa'a guda, ran Lahadin ƙarshe ta Oktoba kuma a komo da shi baya. Dalili kuwa, a London yinin watan Yuni ya kan wuce sa'a 16, rana ta fito mutane suna barci. Sai aka ce a tashe su da wuri, su gama aiki da sauran haske, kada su kunna fitila da maraice.

Wani magini Bature, William Willett, shi ya yi ta kiran haka tun 1907, amma ya mutu a 1915 bai ga an yi ba. Jamus ce ta fara a 1916, cikin Yaƙin Duniya na Farko, don tattalin kwal. Ingila ta bi sahu a shekarar nan.

To, wancan zamanin fitila ke cin wuta. Yanzu kuwa injunan sanyaya ɗaki da na ɗumama shi sun fi ta ci nesa, saboda haka ribar ta zama 'yar kaɗan. Ga kuma wahala: sa'a guda ta barci ta salwanta, ma'aikaci ya tashi da nauyin ido, manomi ya tarar saniyarsa ba ta san agogo ba. Ɗan kasuwar Kano mai hulɗa da London, wata bakwai agogonsu ɗaya, wata biyar kuma ya riga su da sa'a guda. Wanda ya manta, alkawari ya kuɓuce masa.

Shi ya sa Turkiyya ta bar juya agogo a 2016, Birazil ta bari a 2019. Majalisar Tarayyar Turai ma ta jefa ƙuri'ar dainawa a 2019.

Gaskiyar magana, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Ma'aikatar da ke son hasken safe ta sake lokacin buɗe ƙofarta, a bar wa sauran jama'a agogonsu yadda yake. Haza wassalam.