Wa Ya Cire Furofelar Gaba?

A tsakiyar watan Agusta, duk hanyar da ta sauka daga kwalta a ƙasar Gwaram jarrabawa ce ga mota. Hilux ta faɗa taɓo, direba ya ja ƙaramin sandan giya zuwa H4, ya taka totur. Tayoyin baya sai juyawa suke suna watsa laka, na gaba kuwa suna tsaye kamar an dasa su. Samarin ƙauye su taru su tura, a ba su na goro, a kama hanya ana zagin damina. Da wani zai durƙusa ya leƙa ƙarƙashin motar, sau da yawa gurbi zai tarar a inda ya kamata ya ga furofelar gaba, wato sandar ƙarfen da ke kai ƙarfin inji ga ƙafafun gaba. Tun rani aka kwance ta a wani gareji, aka jingine ta a bango.

Wannan kwancewa ita ake kira gyara, har a karɓi kuɗin aiki a kanta. Mota ta fara ƙara ko jijjiga, ko giyar ƙafa huɗu ta ƙi shiga, sai bakanike ya ce a cire a huta, ai ba kullum ake bukatarta ba. Mai mota ya amince, domin shawarar ta zo masa da sauƙi. Abin da ya faru a zahiri shi ne an zubar da dalilin sayen motar. Wanda ya ƙara kuɗi ya sayi a-kori-kura mai jan ƙafa huɗu, ya biya ne domin 'yan makonnin nan na damina da hanyar ƙauye ke zama kunu. A kudancin Jigawa, inda ƙasa ke da duwatsu da kwazazzabai da fadamu, waɗannan makonni su ne lokacin da ake kai taki gona, maleriya ke kwantar da yara, kuma mai naƙudar da ta gagara ke bukatar isa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu kafin gari ya waye.

Abin takaicin shi ne tsarin ba shi da wuyar fahimta. A tsofaffin Hilux, ƙarfi yana fitowa daga akwatin giya ya shiga wani ƙaramin akwati da ke manne a bayansa, wanda aikinsa raba ƙarfin ne. A H2, baya kaɗai yake turawa. A H4, sai ya haɗa furofelar gaba da ta baya su juya tare. L4 kuwa yana rage gudu ya ninka ƙarfin ja fiye da sau biyu, kuma ba a shiga shi sai mota ta tsaya an taka kuloci. Amma juyawar furofela kaɗai ba ta isa ba. Dole a sami abin da zai ɗaure tayoyin gaba da ita. A motocin da suka fi tsufa, makulli ne a cibiyar kowace tayar gaba, wanda direba ke sauka ya murɗa da hannu. Daga ƙarshen shekarun 1980 Toyota ta kawo wani tsari mai suna ADD, wanda ke haɗa aksul ɗin gaba da kansa: na farko da zuƙar iska yake aiki ta cikin siraran tiyo na roba, na baya kuma da ƙaramar mota ta lantarki.

Ke nan gaɓoɓin uku ne kawai: akwatin rabo, furofela, sai maɗaurin tayoyi. Gano wadda ta gaza bai wuce aikin rabin sa'a ba. A motar da ke da makullin hannu, a kashe inji, a ja birki, a bar makullan a buɗe, a sa H2, sannan a kama furofelar gaba a juya ta da hannu. Za ta juya. A mayar H4 a sake gwadawa. In ta kafe, akwatin rabo lafiyarsa ƙalau, kuma duk wanda ya ce sai an sauke shi bai duba ba. Daga nan a kulle makullan biyu, a ɗaga tayar gaba guda da jak, a gwada juya ta. In ta ci gaba da juyawa salin-alin, laifin na makulli ne ko na abin da ke tsakaninsa da furofela. Galibi giris ne ya bushe ya daskare da ƙura, ko kuma wani ya cika shi da giris mai kauri har zoben da ke ciki ya kasa zamewa. Wanki da kananzir da shafa mai kaɗan ya wadatar.

A mai ADD, zargi na farko kan tiyon roba yake. Zafin Afrilu da shekaru ashirin sun isa su tsattsage shi, kuma huda kamar ta allura ta isa ta hana aksul haɗuwa. A mai lantarki, fis ne, ko waya da ɓera ya ci, ko tsatsa a mahaɗar waya. Fitilar da ke kan allon direba ma ba shaida ba ce: ɗan makunni ne ke kunna ta, yana iya mutuwa alhali ƙafa huɗu na ja, yana kuma iya haskawa alhali makullan na buɗe, tayoyin gaba ba su san ana yi ba. Ruwa shi ma yana da nasa rabon. Aksul mai zafi da ya tsunduma cikin rafi yakan huce nan take ya zuƙi ruwa ta 'yar ƙofar numfashinsa, man ciki ya koma kamar koko. Wanda bai canza shi bayan damina ba, zai gamu da tsatsa a damina mai zuwa.

Akwai kuma laifin da ba na ƙarfe ba ne sam. Waɗannan motoci ba su da abin da ke daidaita bambancin gudu tsakanin gaba da baya, don haka idan aka tuƙa su a H4 bisa busasshiyar kwalta, kamar titin da ya taso daga Wudil zuwa Birnin Kudu, haƙoran giya sukan ɗaure, sanda ya ƙi fita, sitiyari ya yi nauyi a kwana. Maganin shi ne a koma da baya 'yan taku kaɗan, ɗaurin ya saki. Haka nan tayoyi: wanda ya sayo 'yan gwanjo huɗu daga wurare huɗu, biyu manya biyu ƙanana, shi ya ɗaure motarsa da hannunsa. Ƙarar da ake ji a ƙasa kuwa, wadda ita ce hujjar da aka fi kawowa wajen kwance furofela, yawanci kuros ne ya cinye, ɗan ƙarfen nan mai kai huɗu da ake samu a Ƙofar Ruwa a Kano ba tare da dogon nema ba.

Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, an ƙara wata hujja: wai cirewar tana rage shan mai. Wannan magana ba ta da tushe a irin waɗannan motoci. Idan sanda na H2 kuma makullan na buɗe, furofelar gaba ba ta juyawa ko kaɗan. Kaya ce kawai mai nauyin 'yan kilo. Masu ƙera motar sun riga sun yi tanadin tsimin da ake nema, shi ne ma dalilin sa makullan.

Abu ne mai sauƙi a ɗora wa bakanike laifin duka, amma hakan son kai ne. A garejin Birnin Kudu, kamar na Dutse da na Kano, ba a biyan mutum ladan bincike. Ana biyansa ne idan ya kwance wani abu ko ya ɗaura sabo. Wanda ya kwashe sa'a guda yana bin tiyo har ya gano huda, ya yanke wurin ya mayar, za a ce masa ai bai yi komai ba. Wanda ya ce akwatin ya mutu sai an sayo na Beljiyam, ko ya kwance furofela cikin minti goma, shi ake gani ya yi aiki. Kasuwa ta koya wa kowa darasinsa.

Babban kason laifin yana kan masu ilimi, waɗanda motocin ke ƙarƙashin sa hannunsu: jami'in shiri, shugaban sashe, likita mai gona a ƙauyensu, ɗan kasuwar da ke aika mota kasuwar Sara. Mutum zai karanta yarjejeniya mai shafi hamsin da Turanci, amma bai taɓa buɗe ɗan littafin da ke cikin aljihun motar ba. Da ya buɗe, da ya ga Toyota ta ce a riƙa tuƙa motar da ƙafa huɗu aƙalla kilomita 16 kowane wata domin mai ya zagaya kayan gaba. Motar da ta yi wata takwas na rani ba a taɓa sandan ba, ba abin mamaki ba ne ta ƙi amsawa ranar da aka neme ta. Ga kuma takardar karɓar mota daga gareji: ana duba fenti da na'urar sanyaya ɗaki, ba a cewa a sauka kan rairayi a ga ko tayoyin gaba na tona ƙasa.

Za a ce matsalar ta hanya ce, gwamnati ta gyara hanyoyi. Gaskiya ne, kuma mutanen Gwaram sun fi kowa sani. A watan Agustan 2021 ruwa ya karya gada a Raɗabi, kan hanyar Gwaram zuwa Basirka, wata bas ta afka ciki, mutum 21 suka rasu. Babu giyar da za ta ceci mota daga karyayyiyar gada. Sai dai ko an zuba kwalta a kan kowace babbar hanya a jihar, kilomita biyar ɗin ƙarshe zuwa ruga ko gona za su ci gaba da zama burji da yashi na shekaru masu yawa, kuma a nan ake maƙalewa.

Furofelar da aka jingine a bango ba ta daɗewa a wurin. Wata shida, an sayar da ita ga wani, ko ta bi masu awon ƙarfe. Motar kuma ta ci gaba da yawo da tambarin 4WD a gefenta, har ranar da za a yi gwanjonta da farashin mai ƙafa huɗu, ga wanda ya zagaya ta sau uku, ya bubbuga tayoyi, ya saurari inji, bai durƙusa ba.