Ga Masu Kulle Kyanwa A Ɗaki Su Tafi Hutu

Rubutun nan yana da tsawo, kuma na san zai ɓata wa wasu rai. A daure a kai ƙarshe kafin a fara zagina.

A watan Afrilun da ya wuce, kwana huɗu bayan an gama jarrabawa, na je Sangere karɓo wani littafi a hannun abokina da ke zaune a gidan hayar ɗalibai. Gidan tsit, kowa ya tafi. Muna tsaye a tsakar gida sai na ji wani ɗan kuka siriri daga wani ɗaki da aka garƙame da kwaɗo. Na tambayi maigadi, ya ce, "Ai mage ce, Malam. Tun ranar da mai ɗakin ya tafi take yi, yau ma ta rage." Wallahi wannan "ta rage" ɗin ita ta tayar min da hankali.

Muka nemo lambar mai ɗakin muka kira. Yana garinsu, hankali kwance. Ya ce, "Au! Ai na bar mata biredi da ruwa a roba. Mage ce fa, ba sa mutuwa da wuri." Hutun sati biyar ne, jama'a. A Yola. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ɗaki mai rufin kwano, taga a rufe. Da kyar ya yarda muka ɓalle kwaɗon, bayan na yi alƙawarin zan sayi sabo. Robar ruwan ta bushe ƙaf, biredin ya zama kamar dutse. Ita kuma tana kwance bayan bokiti, ƙashi da fata, ko gudu ba ta iya yi.

Abin da ya fi ƙona min rai, na san kyanwar. Duk wanda ke da lambar yaron ya san ta. Semesta guda cur tana kan sitatus ɗinsa: ga ta a kan kwamfuta, ga ta a kafaɗa, ga ta an ɗaura mata jan ƙyalle a wuya. Da aka gama da ita sai aka kulle ta tare da katifa da risho.

Na sa ta a kwali, na hau Keke, muka tsallako gada zuwa ɗakina a Nassarawo. Abokaina suka raɗa mata suna Kariyoba, wai saboda an tafi an bar ta a baya. Sunan ya bi ta har yau.

To bari in faɗa muku yadda rayuwata take, don kada wani ya ɗauka ɗan hutu ne ke magana. Ina karatun digiri na biyu a MAU. Litinin zuwa Alhamis ina koyarwa a wata makarantar kuɗi a Jimeta, daga bakwai da rabi na safe zuwa biyu na rana. Ƙarshen mako ina Girei wajen lakca ko bin sawun sufabaiza. Da dare ga makin ɗin littattafan yara, ga babi na uku da ya ƙi ƙarewa. Albashin kuma kun san na makarantar kuɗi, kafin ashirin ga wata ya zama labari.

A cikin wannan aka ƙara min Kariyoba. Bayan asuba sai na kwashe kashinta daga tiren yashi, na wanke mata kwano, na zuba ruwa a wuri biyu saboda zafi. In na taso aiki sai na ratsa kasuwa na sayo kan kifi ko 'yan ƙananan busassu. Ranar da zan kwana a Girei sai na roƙi Dada mai gidanmu ta duba ta, ni kuma in biya da ɗibar ruwa da kai mata cajin waya. Da Babbar Sallah kwana biyu kacal na yi a gida na juyo, har Goggona tana min tsiya, "Hamma ya yi iyali a Jimeta bai gaya mana ba." Ta taɓa yaga min takardun tambayoyin bincike guda goma sha ɗaya da na sha wahalar rabawa. Na yi fushi har na yi tunanin kai ta bayan gari in ajiye. Sai na tuna ɗakin nan na Sangere, na ji kunyar kaina.

Ba na nadama. Tun zuwanta ɓeraye suka daina cin min handawut da garin kwaki, kuma mu da muke maƙwabtaka da garin Lassa na jihar Borno, inda aka fara gano zazzaɓin nan a 1969, ba sai an yi mana dogon bayani kan ɓera a ɗakin abinci ba. Sannan duk wanda ya taɓa zama shi kaɗai ƙarfe biyu na dare, babu wuta, sufabaiza ya dawo masa da babi cike da jan biro, ya san amfanin wani abu mai rai da zai zo ya kwanta masa a ƙafa. Amma daɗin da nauyin tare suke zuwa. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Maganata ɗaya ce: in ba ka san inda kyanwa za ta kwana ba ranar da aka rufe makaranta, kada ka ɗauko ta. Ko kyauta aka ba ka, ka ce na gode.

Yanzu bari in amsa maganganun da na saba ji.

Na farko, masu cewa "mage ce, za ta yi kiwon kanta." Wace magen? Wadda aka haifa a bayan shagon mai shayi, ta tashi tana bin bola tana farauta, ita kam ta san hanya. Amma kai ka ɗauko jaririya, ka raba ta da uwarta kafin ta koyi kama ko ƙadangare, ka saba mata da kwano, sannan rana ɗaya ka jefa ta waje tsakanin karnuka da yara masu jifa da shinkafar ɓera da aka barbaɗa a kowane lungu. Wanda ya kulle ta a ɗaki kuwa ko wannan 'yar damar bai ba ta ba. Kusan dukkanmu mun yi Islamiyya, mun ji hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta nemi abinci ba. Muna yara mun ɗauka labarin wata muguwar tsohuwa ce a can wani zamani. Ashe yana iya zama labarin ɗan aji uku mai sallah a sahun farko, wanda ke sauri kada motar Gombe ta cika.

Na biyu, masu cewa "mutane suna yunwa kai kana maganar mage, sai ka ce Bature." Yunwar gaskiya ce. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 kowa ya san yadda kuɗin Keke daga Jimeta zuwa makaranta ya koma. Na san ɗaliban da ke cin abinci sau ɗaya a rana. Amma ku duba da kyau, wannan hujjar tawa ce. In aljihunka bai ɗauke ka ba, wa ya aike ka ƙaro wani bakin? Babu wanda zai kama ka da laifi don ba ka da kyanwa. Laifin yana farawa ne ranar da ka ɗauko ta da hannunka. Kuma ban taɓa ganin wanda ya kulle mage a ɗaki ya kai kuɗin kifinta gidan marayu ba. Batun Bature kuwa, sahabin da ya fi kowa ruwaito hadisi da laƙabin 'yar kyanwarsa duniya ta san shi, wato Abu Huraira. Kakanninmu ma ba su rasa kyanwa a gindin rumbu ba, kuma ba su taɓa barin gida ba tare da sun ce wa maƙwabci "ga dabbobina nan" ba.

Na uku, 'yan gayu masu sayen kyanwar waje mai dogon gashi, irin ta Farisa, da kuɗin da ya fi albashina. Haba jama'a! Dabbar da gashinta ya yi kamar bargo, ka kawo ta garin da mu kanmu muke kwana a waje daga Maris zuwa Mayu, a ɗakin da wuta ke zuwa in ta ga dama. Gashin nan kullum yana son tajewa, in ba haka ba ya cukurkuɗe ya zama gidan ƙuma. Kana da lokacin? Ga 'yan kyanwoyin gida nan birjik a bayan wuraren masu abinci, a Jambutu, a Doubeli, a nan Nassarawo, sun saba da zafinmu da abincinmu, ko sisi ba za ka biya ba. Amma da yake ba sa kyau a hoto, ba a so. Wannan kaɗai ya isa ya nuna abin da ake nema.

Na huɗu, masu cewa "ai ina son ta." So ba ya hana jahilci kashe dabba. Wasu abubuwan ni ma sai da likitan dabbobi ya zaunar da ni na sani. Farasitamol da kake sha in kanka na ciwo, ƙwaya ɗaya tana iya kashe kyanwa. Albasa da tafarnuwa suna lalata mata jini, don haka ragowar indomi da miyar da ka soya ba abincinta ba ne. Madarar shanu da muke ɗauka gata ce, yawancinsu gudawa take sa su. Jaririya tana buƙatar aƙalla sati takwas a wajen uwarta. Macen kyanwa tana iya ɗaukar ciki tun tana wata biyar ko shida, cikin kuma wata biyu ne da 'yan kwanaki, ta zubo maka huɗu ko biyar, kuma tana iya maimaitawa a shekarar. Ka ɗauko ɗaya a semestar farko, kafin ƙarshen shekara kana da shida. A nan ne ake samun 'yan jarirai a kwali a bakin kwata. Akwai aikin da likitan dabbobi ke yi na hana haihuwa, amma da kuɗi. Ka sa shi a lissafi?

Sai allurar ciwon haukan kare, wadda ita kam ba don dabbar kaɗai ba ce, har da kai da yaran gidan da kake haya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ciwon yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma kusan duka daga cizon kare ne. Amma kyanwa ma tana ɗauka. Da zarar alamu sun bayyana a jikin mutum, sai dai addu'a. Ana yin allurar dabbobi a nan ƙasar, a cibiyar bincike ta Vom da ke jihar Filato, kuma kowace 28 ga Satumba rana ce ta wayar da kai a kan ciwon. In dabbar da ba ka san ta ba ta cije ka ko ta yakushe ka, ka wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti goma sha biyar, ka wuce asibiti a ranar. Masu ajiye ɗan kwikwiyo a gidan haya don gadi, wannan ya fi shafar ku.

Abu na ƙarshe da ba ma son tunawa: rayuwar ɗalibi ba ta da tabbas. A 2022 ASUU ta shiga yajin aiki ranar 14 ga Fabrairu, ba a janye ba sai 14 ga Oktoba. Wata takwas. Mutane sun tafi da jaka ɗaya suna cewa sati huɗu ne. Kyanwar da ake kula da ita tana iya kai shekara goma sha biyu zuwa sha biyar. Digirinka shekara huɗu ne ko biyar, daga nan bautar ƙasa ta jefa ka Ebonyi ko Bayelsa. Ni kaina na zauna na yi wannan lissafin, kuma sai da Dada ta ce min da bakinta, "In ka tashi tafiya ka bar min ita, ɗana," sannan hankalina ya kwanta.

Don haka kafin ka miƙa hannu ka karɓi 'yar kyanwa, ka amsa wa kanka waɗannan. Dokar hostal ko mai gidanka ta yarda? Abokan ɗakinka sun yarda, ko akwai mai asma a cikinsu? Wa zai riƙe ta in an yi hutu, kuma ka tambaye shi ya amsa, ko zato kake yi? Kana da kuɗin allura da na abincinta a satin da kai ma gari kake jiƙawa? In ɗaya daga ciki amsarsa "sai mu gani" ce, ka bar ta wajen uwarta. In son dabba ne ya dame ka, ajiye kwanon ruwa a inuwa a bayan ɗakinka lokacin zafi. Lada ne, kuma babu amanar da ka ɗauka.

Ku kuma da kuka riga kuka ɗauka, jarrabawa ta kusa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun yanzu ka nemi mai riƙewa: ɗalibin da ke zaune a gari, mai shagon ƙofar gida, matar maigadi, ka bar musu ɗan abin sayen kifi. In za ka iya tafiya da ita gida, kwali mai huji da tsumma a ciki ya isa. In duk ya gagara, ka yi min magana ta inbos, mu da muke Jimeta za mu nemi yadda za a yi. Masu gidajen haya da masu gadi, don Allah in ɗalibai sun watse ku zagaya ɗaki ɗaki ku kasa kunne.

Shi kuma mai ɗakin nan, ban ambaci sunansa ba kuma ba zan ambata ba. Da aka dawo hutu ya tare ni yana murmushi, ya ce, "Yallaɓai, ya mage ta? Na ga ta yi ƙiba, yaushe zan zo in ɗauka?" Na ce masa kwaɗonsa na saya na bai wa maigadi, shi ne kaɗai abin da yake bi na.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana, ya ba mu sa'ar jarrabawa. Wanda ya san mai kyanwa a ɗaki, ya tura masa.