Daga Mallawa zuwa bakin teku: wa ke shayar da Ikko?



Da an kammala girbi a ƙasar Mallawa, sai ka ga samari sun ɗaure ƴan ƙunshinsu sun tsallaka iyaka. Wasu su tsaya Kano, wasu kuwa sai Ikko. In ka tambayi tsohuwa sana'ar ɗanta a can, sau da yawa sai ta ce maka ga-ruwa yake. A nan mamaki ke kama mutumin karkara: birnin da ruwa ya yi wa ƙawanya, ina shi ina sayen ruwa a bido?

Ruwan teku dai gishiri ne, ko jaki ba ya shansa. A ƙarƙashin rairayin gaɓa kuwa, ruwan daɗi yana kwance ne bisa na gishiri, domin bai kai shi nauyi ba. In rijiyoyi suka yi yawa, aka matsa musu da zuƙa, sai na gishirin ya taso ya ɓata su. Mu da muka san ɗanɗanon rijiya mai kanwa a ƙasar Korama, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Saboda haka dole birnin gaɓa ya juya wa teku baya, ya nemi ruwa daga tudu. A 1915 Turawan Ingila suka buɗe ma'aikatar ruwa ta Iju, arewa da Ikko. A farkon shekarun 1990 aka ƙara ta Adiyan, mai jawowa daga kogin Ogun. Dakar ma haka take: daga tafkin Guiers, tafiyar kilomita wajen 250, bututu ke kawo mata babban rabon abin shanta. Da bututun ya fashe a Keur Momar Sarr a watan Satumba na 2013, unguwanni da dama sun yi makonni famfo a bushe.

To, amma Ikko ta girma ta bar bututunta a baya. Inda bututu ya tsaya, nan ɗan Mallawa ke farawa. Ya sayi ruwa wurin mai rijiyar burtsatse, ya jera bido 10 masu cin lita 25 a kura, nauyin kilo 250 ke nan, ya tura cikin taɓo da cunkoson motoci, wani lokacin har ya hau bene da biyu a hannu. Ba albashi, ba takarda, in ƙirji ya kama shi sai gida.

Kada mu yi wa mutanen gaɓa dariya. Damagaram, da ke zaune kan dutse, ƙarancin ruwa na cikin dalilan da suka sa aka ɗauke mata hedkwatar ƙasa zuwa Yamai a 1926, kuma har yau daga Gogo, Machaya, Arunguza da Ganaram ake turo mata. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, a kwaruruwan Magarya da Dungas akwai inda gaba biyu ko uku ke isa ruwa, ga rake, ga rogo, ga albasa. Kuɗin siminti da ƙaramin injin ban-ruwa su ne ke gagarar yaron, shi ya sa ya tafi neman su da kura a Ikko.