Ƴan Sa Kai Sun Tafi, Wa Zai Yashe Rijiya?



Dattawan cikinmu ba su manta da samarin ƙasashen waje da suka riƙa zuwa aikin sa kai ba. Ƴan Amurka na Peace Corps sun fara shigowa Nijar a 1962, ba su daina ba sai watan Janairu na 2011, da aka kwashe su bayan an sace Faransawa biyu a Yamai. Akwai kuma ƴan Faransa da ƴan Japan. Yaro ya baro gidan ubansa, ya yi shekara biyu a ƙauye, ya koyi Hausa ko Zabarmanci, ya sha fura, ya sa hannu a ginin rijiya ko ɗakin makaranta. Wannan ba abin rainawa ba ne.

To amma mu makiyaya me muka gani? In baƙo ya zo, mai gari ake kai shi wurinsa, domin shi ke zaune rani da damina. Makiyayi yana daji, ba a tambaye shi ba. Kafin ya dawo an gina rijiya a bakin burtali, lambuna sun kewaye ta, saniya ba ta da hanyar isa ruwa sai ta taka albasar wani, sai tara, sai faɗa. Can arewa kuma wata matsala ce. A da, wanda ya gina rijiya shi ke da fifiko a kanta. Baƙo ya roƙa, a ba shi kwanaki, ya wuce. Ta haka ake tattalin ciyawar da ke kewaye. Da rijiyoyin siminti suka zo aka ce na kowa ne, sai garke ya haɗu a kan garke, ciyawa ta ƙare tun rani bai yi nisa ba. In rijiyar ta cike da rairayi kuwa, kowa ya ce ba tasa ba ce.

Dokar karkara ta 1993 ta yarda makiyayi yana da fifiko a mazauninsa na asali, ta 2010 kuma ta ce tafiya da dabba haƙƙinmu ce. Madalla. Sai dai takarda ba ta riƙe shebur.

Shawarata ita ce mu ma mu fita aikin sa kai, ba Turai ba, nan ƙetaren iyaka. Da rani shanunmu suna gangarawa ƙasashen Katsina da Sakkwato, da damina nasu su hauro wurinmu. Fatakenmu suna cin kasuwar Jibiya da Mai'aduwa da Illela. Ruwansu muke sha, amma abin da ake faɗi a kanmu shi ne mun ci mun wuce. Me zai hana bayan kaka kowane reshe ya ware samari goma, su je su yi mako biyu suna gayya tare da mutanen garin da muke sauka? A yashe rijiya, a gyara wurin shayarwa, a kafa ginshiƙan siminti a gefen burtali, a ɗaga shingen allura. Fatake su kawo siminti, mu kawo ƙarfi. Ba gini muka fi su iyawa ba; abin da muka fi Bature sani shi ne inda saniya ke bi.

Na san abin da za a ce: hanya ba lafiya, kuma yaro Bafillace ya shiga baƙon gari, yanzu sai a ce ɗan bindiga ne. Gaskiya ne, shi ya sa ba za a tura kowa a ɓoye ba, ba kuma inda ake harbe-harbe ba. A bi ta ƙofa, da takardun shaida, da sanin hukuma ta nan da ta can. Jihar Maradi da jihar Katsina sun sa hannu kan yarjejeniyar kiwo tun 2017, sai mu nemi shiga ta nan.

Kafin a sari ƙasa kuma, arɗo da mai gari su zauna tabarma ɗaya, a rubuta wa ke riƙe da rijiyar, wa ke sayen igiya da guga, kwana nawa baƙon garke zai sha, taku nawa za a bari tsakanin ruwa da gonar farko. Wanda ke da ɗa mai ƙarfi ya kawo sunansa wurin sakataren reshe kafin a gama yankan gero.